Sarautar Albaniya: gadon mulkin da aka girka a kan bashi

Ranar Laraba 5 ga Afrilun 1939 aka haifa wa Sarki Zog na Albaniya ɗa namiji a birnin Tirana, aka sa masa suna Leka. Ranar Juma'a, kwana biyu kacal bayan haka, aka wayi gari jiragen ruwan yaƙin Italiya sun cika gaɓar tekun ƙasar suna sauke sojoji. Jaririn ko cibiyarsa ba ta faɗi ba, uwarsa tana cikin ɗanyen jego, aka saka su a mota aka bi da su ta hanyar duwatsu zuwa iyakar Girka. Sarkin ya bi bayansu, kuma bai sake taka ƙasarsa da ransa ba.

Daga 1914 zuwa 1943 mutum uku ne suka amsa sunan sarkin Albaniya. Na farko Bajamushe ne, ya yi wata shida. Na biyu ɗan ƙasa ne, Musulmi, ya yi shekara goma da wata bakwai. Na uku sarkin Italiya ne da ya karɓe ta da bakin bindiga, ya riƙe ta shekara huɗu da 'yan watanni. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin nan shi ne kuɗin da aka riƙe gadon da su. Tun ranar farko daga aljihun waɗansu suke fitowa, kuma a ganina wannan ne ya kashe sarautar.

Albaniya ƙaramar ƙasa ce a yankin Balkan, duwatsu sun cinye mafi yawanta, tana fuskantar Italiya ta wani mashigin teku da faɗinsa bai wuce kilomita 72 ba a inda ya fi tsukewa. Ta yi kusan shekara ɗari biyar a ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkawa mai fada a Santambul (kada a haɗa ta da tamu ta Sakkwato, suna ne kawai ya zo ɗaya). A tsawon wannan zamani ne akasarin mutanenta suka musulunta. A farkon ƙarni na ashirin, cikin kowane mutum goma kusan bakwai Musulmi ne, biyu Kiristocin Otodoks ne a kudu, ɗaya kuma ɗan Katolika ne a arewa. Da daular Turkawa ta fara rugujewa a yaƙin Balkan na 1912, maƙwabta suka yi ca a kan ƙasar: Sabiya, Girka da Montenegro kowa yana son yanki. Ranar 28 ga Nuwamban 1912 Ismail Qemali da wasu manya suka yi shelar 'yanci a garin Vlorë don kada a raba su kamar naman layya.

Manyan ƙasashen Turai shida, wato Ingila, Faransa, Jamus, Rasha, Italiya da Ostiriya-Hangari, suka zauna a Landan a 1913 suka amince da sabuwar ƙasar. Ba don ƙaunar Albaniyawa suka yi ba. Ostiriya da Italiya ne ba sa son Sabiya ta samu ƙofa zuwa teku. Suka shata iyaka yadda ta yi musu, suka bar Kosovo da ɗimbin masu jin harshen Albaniya a waje. Sannan suka ce ƙasar tana buƙatar sarki, su ne kuma za su nemo shi.

Wanda suka nemo shi ne Yarima Wilhelm na gidan Wied, hafsan soja a rundunar Jamus, ɗan ɗarikar Furotesta. An ga cewa tunda ba ya cikin ko ɗaya daga addinan ƙasar, babu ɓangaren da zai ce an fifita wani. Amma mutumin bai san harshen ba, bai san wane ne wane ba, ba shi da dangi ko dakaru a ƙasar. Ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Durrës ranar 7 ga Maris na 1914, aka kira shi Mbret, wato sarki da harshensu. Ya ɗauki Essad Pasha Toptani, babban mai gonaki a tsakiyar ƙasar wanda shi ma yana kwaɗayin gadon, ya damƙa masa ma'aikatar yaƙi da ta cikin gida. An ba kura ajiyar nama ke nan. Kafin wata uku aka kama Essad da zargin cin amana, aka kore shi zuwa Italiya. Manoma Musulmi na tsakiyar ƙasar suka tayar da bore suna neman a mayar da su ƙarƙashin Sarkin Musulmi na Santambul, suka yi wa Durrës ƙawanya. Girkawa sun riƙe kudu. Mulkin Wilhelm bai wuce garin da yake zaune da kewayensa ba. Hafsoshin Holan aka kawo su horar masa da jandarmomi, kuma ɗaya daga cikin manyansu, Lodewijk Thomson, ya mutu a fagen daga a watan Yuni.

Abin da ya ƙarasa shi kuɗi ne. Da rancen Ostiriya da Italiya yake biyan albashi. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, Ostiriya ta ce ya turo mata Albaniyawa su yi mata yaƙi, ya ce ƙasarsa 'yar ba-ruwanmu ce, sai aka toshe masa famfo. Ranar 3 ga Satumba ya hau jirgin ruwa ya tafi. Bai taɓa yin murabus ba har ya mutu a Romaniya a 1945.

Shekarun yaƙin, ƙasar ta zama filin tattakin sojojin ƙasashe daban-daban. Sai a Janairun 1920 manyanta suka taru a Lushnjë suka sake ɗinke ta, suka mayar da fadar gwamnati Tirana. Wani abu da suka yi a nan ya burge ni ƙwarai. Tunda a takarda har yanzu ƙasar masarauta ce amma babu sarki, sai suka kafa majalisar riƙon ƙwarya ta mutum huɗu: ɗaya Musulmi Sunni, ɗaya ɗan ɗarikar Bektashiyya, ɗaya Otodoks, ɗaya Katolika. Mutanen da Turai ke yi wa kallon 'yan ƙauye marasa tsari, su da kansu suka samo hanyar zama tare. A shekarar nan kuma mayaƙan sa-kai suka fatattaki sojojin Italiya daga Vlorë, ko da yake Italiya ta ci gaba da riƙe tsibirin Sazan da ke bakin mashigin garin.

Ministan cikin gida na wannan gwamnati saurayi ne ɗan shekara 24, sunansa Ahmed Zogu. An haife shi a 1895 a gidan sarautar yankin Mat, inda kakanninsa suka daɗe suna riƙe da hakimci a ƙarƙashin Turkawa. Mahaifiyarsa Sadije 'yar gidan Toptani ce, dangin Essad ɗin nan. Ya yi karatu a Santambul, ya zauna a Biyana, babban birnin Ostiriya, lokacin yaƙi. Abin da ya bambanta shi da 'yan boko masu iya jawabi shi ne yana da mutane masu bindiga a Mat da ke jin maganarsa. A ƙarshen 1922 ya zama firaminista. A Fabrairun 1924 wani ɗalibi ya harbe shi a ginin majalisa, ya ji rauni bai mutu ba. Bayan wata biyu aka kashe Avni Rustemi, matashin ɗan siyasa mai farin jini, mutane suka nuna gidan Zogu da yatsa. A watan Yuni bore ya kore shi zuwa Yugoslabiya, wani limamin cocin Otodoks da ya yi karatu a Jami'ar Harvard ta Amurka, Fan Noli, ya karɓi mulki da alkawarin raba wa manoma gonaki. Noli ya yi wata shida. A Disamba Zogu ya dawo da makamai da kuɗin Yugoslabiya, da sojojin haya daga cikin Rashawan da suka gudo daga mulkin kwaminisanci. A Janairun 1925 ya mayar da ƙasar jamhuriya, ya zama shugaba.

A nan ne aka ɗaura ƙullin da ya shaƙe shi daga baya. Ƙasa ce ta mutum kusan miliyan ɗaya, mafi yawansu ba su iya karatu ba, ba ta da kuɗin kanta, ba ta da banki, hanyoyin mota kaɗan ne, fadamunta cike suke da sauro da zazzaɓi, kuma ko hatsin da za ta ci ba ya isarta sai ta sayo. Haraji ba ya shigowa daga duwatsu. Zogu yana buƙatar kuɗi yau, ba gobe ba, don ya biya soja da ma'aikata da shugabannin ƙabilu. Yugoslabiya da ta dawo da shi ya sallame ta da ɗan yanki a bakin iyaka, har da tsohon gidan ibada na Saint Naum. Amma ba ta da kuɗin da yake nema, kuma yana tsoronta. Ƙungiyar Ƙawancen Ƙasashe, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, ba ta ba da rance ba. Wanda ya miƙo hannu cike da kuɗi shi ne Mussolini, shugaban gwamnatin Italiya.

A 1925 aka kafa Babban Bankin Albaniya, amma da jarin Italiya, kuma hedkwatarsa a Rum, babban birnin Italiya, take. A tsaya a yi tunanin wannan: bankin da ke buga kuɗin ƙasa, ajiyar zinariyarsa da masu yanke shawararsa suna babban birnin wata ƙasa. A shekarar nan wani kamfanin Italiya mai suna SVEA ya ba da rancen faran na zinariya miliyan 50 don gina hanyoyi, gadoji da tashar jiragen ruwa, jingina kuwa ita ce kuɗin kwastan na ƙasar. A Nuwamban 1926 aka sa hannu kan yarjejeniyar Tirana ta farko, inda Italiya ta ɗauki alkawarin kare tsarin da ke akwai, wato kare kujerar Zogu. A Nuwamban 1927 aka yi ta biyu, ƙawancen tsaro na shekara ashirin. Hafsoshin Italiya suka shigo suna horar da sojan Albaniya ƙarƙashin Janar Alberto Pariani. Man fetur ɗin Kuçovë kamfanin Italiya ke haƙa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma Zogu ya san haka sarai. Lissafinsa shi ne zai ci ladan ya riƙa ɗaga ranar askin har Allah ya kawo mafita.

Sarautar kanta da yardar Rum aka yi ta. Ranar 1 ga Satumban 1928 majalisar da aka zaɓo don wannan aiki ta ayyana shi Zog na Ɗaya. Ya yar da sunan Ahmed da harafin ƙarshe na Zogu don sunan ya dace da kunnen Turawa. Ya yi rantsuwa da Alƙur'ani da kuma Littafi Mai Tsarki na Kirista. Laƙabin da ya ɗauka shi ne Sarkin Albaniyawa, maimakon Sarkin Albaniya, abin da ya tayar wa Yugoslabiya hankali domin akwai Albaniyawa masu yawa a Kosovo da ke hannunta. Gidajen sarautar Turai ba su ɗauke shi nasu ba. Mustafa Kemal na Turkiyya, wanda ya rushe sarauta a ƙasarsa, shi ma ya ƙi amincewa da farko.

Me ya sa ya zaɓi rawani alhali yana da cikakken iko a matsayin shugaba? Ina ganin ya karanci mutanensa ne. Mutumin dutse ya san abin da ake nufi da yi wa sarki mubaya'a, ya san alkawarin da suke kira besa, wanda ba a karya shi ko da rai zai tafi. Jamhuriya kuwa baƙon abu ce, kuma shugaban da ake zaɓa, kowane babban gida zai riƙa ganin gobe nasa ne. Zog yana son ya rufe wannan ƙofa.

Ba zan rage masa abin da ya yi ba. Kafinsa matafiyi ba ya bin hanyoyin ƙasar sai da rakiyar bindiga, shi ya murƙushe fashi. Ya karɓe makamai daga ƙabilu da dama, ko da yake ya bar wa mutanensa na Mat nasu. Shugabannin ƙabilun arewa ya ba su muƙaman soja da albashi, ya saye zaman lafiyarsu. Ya yi ƙoƙarin rage gabar jini, al'adar da ke sa gidaje su yi ta kashe juna shekara da shekaru bisa dokar gargajiya ta Kanun. An kawo sabuwar dokar laifuka a 1928 da dokar zamantakewa a 1929, duka a kan tsarin Turai, aka soke kotunan addini, aka hana auren mace fiye da ɗaya, a 1937 kuma aka hana rufe fuska. Wannan ɓangare na tarihinsa ba zai yi wa Musulmi da dama daɗi ba, kuma gaskiya ne daga sama aka saukar da dokokin ba tare da an tambayi mutanen ƙauye ba, shi ya sa da yawansu suka tsaya a takarda. Amma a zamaninsa ba a yi faɗan addini ba. Ɗarikar Bektashiyya da aka rufe wa zawiyoyi a Turkiyya a 1925 ta mayar da cibiyarta Tirana, cocin Otodoks na ƙasar ya samu cin gashin kansa a 1937, kuma a lokacin da ƙasashen Turai ke rufe wa Yahudawan da ke gudun Hitler ƙofa, ƙaramar ƙasar nan ta Musulmi ta buɗe musu tata.

Ɗaya ɓangaren kuma yana da nauyi. Babu jam'iyyun siyasa, jaridu a ɗaure suke, 'yan leƙen asiri sun cika gari. Manyan 'yan adawa an bi su har ƙasashen waje: Luigj Gurakuqi an harbe shi a Bari a 1925, Hasan Prishtina a Salonika a 1933, kuma yawancin masana tarihi suna ganin hannun gwamnatinsa a ciki. Dokar raba gonaki ta 1930 kusan ba ta taɓa komai ba, domin manyan masu gonakin su ne ginshiƙan gadonsa. Manomin da ke noma gonar wani yana ba da kaso, haka ya shiga zamanin Zog, haka ya fita. Wannan ne ya fi ba ni takaici, domin a nan ne kaɗai zai iya samun abin da bashi ba ya sayowa, wato talakawan da za su ga sarautar tasu ce. Soja da fada suka cinye kaso mai tsoka na kasafin kuɗi. Shi kansa sarkin ya zama kamar fursuna a fadarsa. Ya fasa auren 'yar Shefqet Vërlaci, ɗaya daga cikin mafiya arzikin ƙasar, ya ƙara wa kansa maƙiyi babba a kan ɗimbin masu neman jininsa. Ba ya yawan fita, mahaifiyarsa ke sa ido a kan abincinsa. A Fabrairun 1931 ya je Biyana neman magani, aka buɗe masa wuta a ƙofar gidan wasan opera, dogarinsa Llesh Topallaj ya mutu a wurin.

Masu cewa Zog ɗan amshin shatan Italiya ne kawai ba su yi masa adalci ba, domin ya gwada ƙwacewa. Jandarmominsa ya ba hafsoshin Ingila su horar, don kada duk bindigogin ƙasar su kasance a hannun Rum. A 1931 ya ƙi sabunta yarjejeniyar 1926. Da Mussolini ya nemi a haɗe kwastan na ƙasashen biyu, ya ƙi. A 1933 ya mayar da makarantu hannun gwamnati, abin da ya rufe makarantun mishan masu alaƙa da Italiya, ya sallami wasu mashawartan soja. Italiya ta dakatar da rancen da ta yi alkawari a 1931 na faran miliyan 10 duk shekara. A Yunin 1934 kuma ayarin jiragen yaƙinta ya zo ya tsaya a gaban Durrës ba tare da sanarwa ba. Zog ya duba gabas ya duba yamma, ya ƙulla cinikayya da Yugoslabiya da Girka, ya nemi Faransa da Ingila. Babu wanda ya ga ƙaramar Albaniya ta kai a ɓata da Mussolini saboda ita. Ma'aikata suka yi watanni babu albashi, a 1935 aka yi bore a Fier. A 1936 ya koma ya sa hannu kan sababbin yarjejeniyoyi, kuɗi suka dawo, igiyar kuma ta ƙara tsukewa.

Akwai wani abu a nan da ya shafe mu a Afirka. Lokacin da Italiya ta mamaye Habasha a 1935, Ƙungiyar Ƙawancen Ƙasashe ta sa mata takunkumi. Albaniya na cikin 'yan ƙasashen da suka ƙi shiga takunkumin, tare da Ostiriya da Hangari. Zog ya tsaya wa mai bin sa bashi a kan Haile Selassie, sarkin Habasha. Bayan shekara uku da rabi irin abin da ya sami Habasha ya same shi, kuma ƙungiyar ba ta ɗaga masa ko yatsa ba.

A ranar 27 ga Afrilun 1938 ya auri Geraldine Apponyi, 'yar wani gidan masu sarauta na Hangari wadda mahaifiyarta Ba'amurkiya ce. Cikin shaidun ɗaurin auren akwai Galeazzo Ciano, ministan harkokin wajen Italiya kuma surukin Mussolini. Mutumin ya ci abincin biki, ya koma Rum ya rubuta wa surukinsa shawarar a haɗiye ƙasar. Da Hitler ya shiga Prag, babban birnin Cekoslobakiya, a tsakiyar Maris na 1939 ba tare da ya shawarci abokinsa ba, Mussolini ya ji an bar shi a baya. Ranar 25 ga Maris aka miƙa wa Zog takardar sharuɗɗa: ya yarda sojan Italiya su shigo su zauna, ƙasar ta koma ƙarƙashin kariyar Rum, shi kuma a ba shi kuɗi. Ya ƙi, kuma wannan ƙin abin a yaba masa ne. Sai dai sojan da zai yi yaƙi da su Italiyawa ne suka horar da su, sun san kowace bindiga da inda take. Tashar Durrës da aka gina da rancen SVEA, a nan jiragensu suka sauke kaya. An yi turjiya ta 'yan sa'o'i a garin ƙarƙashin Abaz Kupi, inda wani sojan ruwa mai suna Mujo Ulqinaku ya riƙe bindigarsa har aka kashe shi. Washegari Italiyawa suna Tirana. Sarkin ya riga ya tsallaka iyaka da iyalinsa da dukiya mai yawa, maƙiyansa suka ce ta baitulmali ce, masoyansa suka ce tasa ce. Gudun nan ya zubar masa da ƙima a idon mutanen da suka ɗauki tsayuwa a fagen fama da muhimmanci.

Ranar 12 ga Afrilu aka tara majalisar manya ta miƙa rawanin ga sarkin Italiya, Victor Emmanuel na Uku, wanda tun 1936 yake amsa sunan sarkin sarakunan Habasha. Firaministan da aka naɗa shi ne Shefqet Vërlaci, wanda aka fasa auren 'yarsa. Sabon sarkin ya zo ƙasar a Mayun 1941, wani saurayi mai suna Vasil Laçi ya harbi motarsa a Tirana, aka rataye yaron. Daga Albaniya Mussolini ya kai wa Girka hari a Oktoban 1940 ya sha kashi. Italiya ta miƙa wuya a Satumban 1943, Jamusawa suka shigo, 'yan kwaminis na Enver Hoxha suka karɓi ƙasar a ƙarshen 1944, kuma ranar 11 ga Janairun 1946 aka soke sarauta a hukumance. Gwamnatin nan ce a 1967 ta rufe duk masallatai da coci-coci na ƙasar.

Zog ya yi shekarun yaƙi a Ingila. A 1946 Sarki Faruƙ na Masar, wanda kakansa na sama Muhammadu Ali Pasha asalinsa Albaniya ne, ya gayyace shi ya zauna a Iskandariya. A shekarar nan Victor Emmanuel ya sauka daga gadon Italiya, shi ma Iskandariya ya nufa, a can ya mutu a Disamban 1947. Wanda aka ƙwace wa gado da wanda ya ƙwace suka zama baƙin mai masauki ɗaya, shi ma mai masaukin sojoji suka tumɓuke shi a 1952. Zog ya koma Faransa, ya mutu a wani asibiti kusa da Paris ranar 9 ga Afrilun 1961.

Leka, jaririn nan na cikin mota, ya girma a gudun hijira, ya daɗe a Afirka ta Kudu. A Yunin 1997, ƙasar na cikin rikicin rugujewar kamfanonin damfara da suka cinye ajiyar mutane, aka yi ƙuri'ar raba gardama kan dawo da sarauta. Kusan kashi biyu cikin uku suka zaɓi jamhuriya, shi kuma ya ce an yi maguɗi. Ya mutu a Tirana a 2011. A Nuwamban 2012, daidai da bikin cikar ƙasar shekara ɗari da samun 'yanci, gwamnati ta ɗauko gawar Zog daga Faransa, aka binne shi a hubbaren iyalinsa a Tirana.